Kwalliyar kek da ƙaramin aljihu a zafin Birnin Kebbi

"Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a nan Birnin Kebbi, ina zaune da iyayena a Badariya. Na daɗe ina sha'awar kwalliyar kek, ba don sana'a ba, don dai abin yana burge ni. Amma duk bidiyon da na kalla sai in ga miksa da obin da firiji da kayan aiki cike da tebur, ni kuwa ɗan abin da nake ragewa daga kuɗin zuwa makaranta ne kawai a hannuna. Na taɓa gwadawa da bota da suga, kafin la'asar ya narke ya zubo gefen faranti. Shin mai ƙaramin ƙarfi za ta iya wannan abu, ko in haƙura sai na samu hali? In zai yiwu, da me zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayarki biyu ce kika haɗe wuri guda. Akwai maganar kuɗi, akwai kuma maganar aisin, wato kwaɓin da ake shafa wa kek, wanda ya zubo kafin la'asar. Ke a ganinki rashin kayan aiki ne ya jawo narkewar. Ni kuwa da na daɗe ina gasa kek a garin nan, ina kuma koya wa 'yan mata, ina tabbatar miki ko da an kwaso duk abin da ke kan teburin matar nan ta bidiyo an jibge miki a Badariya, in dai abin da ta kwaɓa kika kwaɓa, kuma a watan Afrilu, haka zai zubo. Saboda haka kada ki haƙura. Abu biyu ne ke fitar da kwalliyar kek a wurinmu: hannun da ya saba, da sanin irin aisin ɗin da yanayin garinmu zai bari ya tsaya. Na farkon kusan kyauta ake samunsa. Na biyun kuma sani ne, ba saye ba.

Dalilin da ya sa ya narke

Bota ta ainihi, wadda aka yi da madarar shanu, tana narkewa ne idan zafi ya kai tsakanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, kuma tun kafin nan ta riga ta saki jiki. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Birnin Kebbi yakan haura 40. Ɗakin girki mai rufin kwano, ga wuta a kunne, ya fi haka. Masu bidiyon da kike kallo galibinsu suna aiki ne a ɗaki mai sanyin ashirin da 'yan kai, da sun gama kuma su tura kek ɗin firiji. Lissafinsu daidai ne a wurinsu, amma ba da mu aka yi shi ba.

Abin da muke kira bota a kasuwa, irin su Simas da ake aunawa daga bokiti, yawanci majarin ce, man tsirrai ne aka daskarar. Ta fi botar shanu jure zafi, ta kuma fi araha, shi ya sa kusan duk masu kek a Arewa da ita suke aiki. Wanda ya fi ta juriya shi ne farin kitsen tsirrai irin Crisco, wanda sai zafi ya kai wajen 47 yake narkewa, sai dai yana da tsada kuma yana barin maiƙo a dasashi. Ita kuwa botar shafa wa burodi mai laushin nan ta cikin ƙaramar roba, ruwa ya yi mata yawa, ba ta riƙe zane. Ina zargin da ita kika gwada, don da ita yawancin masu farawa suke gwadawa.

Yanayin namu kuma ba ɗaya ba ne duk shekara, kuma kowane lokaci da irin rigimarsa. Da bazara mai ne ke narkewa. Da damina, musamman Agusta, suga ne ke ba da matsala, domin ɗabi'arsa ce ya jawo danshin iska, sai ki ga fondan, wato kwaɓin suga da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, yana gumi, kala tana bin gefe. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bota tana tsayawa cak, zane yana fita tsaf, sai dai iska tana busar da komai da wuri ga kuma ƙura. In da za ki tambaye ni yaushe mai koyo za ta fi matsa wa kanta, sai in ce miki da hunturu. Sauran watannin, ki mai da aikinki bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga.

Hannun mai lalle

Ga abin da nake fara tambayar duk yarinyar da ta zo koyo wurina: kin iya zanen lalle? Wadda ta ce ta iya, ko da sama-sama, na san rabin aikina ya ragu. Ledar da mai ƙunshi take naɗewa kamar mazurari ta zuba lalle ta yanke bakinta, ita ce dai jakar matsa aisin. Yadda take riƙe ta, da yadda take daidaita matsi don kada zaren ya tsinke ko ya yi tudu, da yadda take sassauta yatsa kafin ta ɗaga hannu don ɗigon ya fita ba jela, duk su ne darasin makonnin farko a kowane ajin kwalliyar kek. Matan garin nan sun gaji wannan hannu, sai dai ba mu cika lura cewa yana da amfani a kan kek ba. Muna can muna wahalar kwaikwayon furen wardi na Turawa, alhali zanen da ake yi wa amarya a bayan hannu, ko na jikin hular zanna, ko Dagin Arewa, in aka zana shi da fari a kan kek mai ruwan koko, babu wanda zai wuce bai sake waiwaye ba.

Asarar da masu koyo suke yi ita ce gasa kek duk lokacin da suke son gwada hannu. Ƙwai da fulawa da gawayi su ne masu cin kuɗi, ba kwalliyar ba. Ki raba koyon gashi da koyon zane. Don zane, ki kwaɓa aisin na gwaji wanda ba ci za a yi ba: majarin mafi araha, ki riƙa zuba mata fulawa kina bugawa, da ɗan ɗigon ruwa, har ta yi laushin da za ta fita ta bakin leda ta kuma tsaya. Ki kife kwanon silba ko babban gwangwanin madarar gari, shi ne kek ɗinki. Ki shafe shi, ki zana, ki ɗauki hoto, ki kankare ki mayar cikin roba mai murfi. Gobe ki sake. Kwaɓi ɗaya zai yi miki kwanaki, sai kin ji warinsa ya canja ki zubar. Soson farin nan da ke zuwa cikin kwalin firiji ko talabijin ma, in kika samu a shagon masu kayan wuta, ana yanka shi da'ira a yi gwaji a kai.

Akwai kuma gwajin kan tire. Ki zana layuka da ɗigo da ganye da haruffa a takarda da biro, ki shimfiɗa farar leda a kai, ki bi zanen da aisin. Ki kula da tsayuwar hannu: in tauraro ko ɗigo za ki yi, leda ta tsaya tsaye a kan wurin, in layi ne ko jeren gefe, ki karkatar da ita rabin kwanciya. Hannun dama ke matsawa daga sama, yatsa ɗaya na hagu yana tallafe da bakin. Kada ki cika ledar ta wuce rabi, domin zafin tafin hannunki kaɗai ya isa ya narkar da abin da ke ciki; shi ya sa nake cika leda biyu, in ɗaya ta yi laushi in ajiye ta kusa da randa in ɗauki ɗayar. Rubutu shi ya fi ba kowa wuya. Ki yi ta rubuta "Barka da Sallah" har sai haruffan sun daina gangarowa ƙasa.

Wane aisin, a wane lokaci

Bota-kirim shi ne wanda kika yi. Ma'auninsa na asali kashi ɗaya na mai, kashi biyu na garin suga a nauyi: giram 250 na majarin, giram 500 na aisin-suga. Sirrinsa a bugun farko yake. Ki buga majarin ita kaɗai da muciya a cikin roba mai zurfi har launinta ya kwashe daga rawaya ya koma kusan fari, sannan ki fara zuba sugan da kika tankaɗe kaɗan-kaɗan. Ɗan gishiri yana karya zaƙin. Da zafi kada ki sa masa madara ko ruwa sai in ya ƙi shafuwa, kuma cokali ɗaya ko biyu na kwanfulawa, wato garin sitacin masara, yana taimaka masa ya tsaya. Duk da haka ba zan ruɗe ki ba, bota-kirim a bazara ba tare da sanyi ba na 'yan sa'o'i ne. In babu firiji ko babu wuta, ki sayi ƙanƙara ki sa a ƙasan babbar kula, ki kife kwano a kai, ki ɗora kek ɗin ki rufe. Kada ruwan ya taɓa shi.

Tsadar aisin-suga ce takan karya wa mutane gwiwa. Ana iya yin sa a gida: kofi ɗaya na suga, babban cokali ɗaya na kwanfulawa, a niƙa a ƙaramin kofin bilenda busasshe, kaɗan-kaɗan, ana barin injin yana hucewa, a tankaɗe da ƙyallen tatar koko. Zai yi miki barbaɗe da shafe, amma ba ya kai na kanti laushi, za ki ji ɗan ɓarzo a harshe, kuma yana toshe ƙaramin baki. Kada ki kai suga injin niƙan unguwa. Na ga waɗanda suka kai, kek ɗin ya fito da ƙanshin barkono da daddawa.

Akwai wani aisin da ba ya buƙatar garin suga sam, kuma ban san me ya sa ba a cika koyar da shi a nan ba. Madara kofi ɗaya, ko ta gari ce aka dama, suga na shayi kofi ɗaya, fulawa babban cokali 5. Ki haɗa su a tukunya a kan wuta kaɗan, kina juyawa ba tsayawa har ya yi kauri kamar talgen tuwo. Ki juye a faranti, ki manna leda a fuskarsa don kada ya yi ɓawo, ki bar shi ya huce sarai. Sai ki buga majarin kofi ɗaya har ta yi fari, ki riƙa zuba talgen cokali-cokali kina bugawa. Sugan ya riga ya narke a wuta, don haka babu ɓarzo, kuma zaƙinsa bai kai na bota-kirim ba, manya ma suna ci ba su kankare ba. Sharaɗinsa guda: tun da akwai dafaffiyar madara a ciki, ranar da aka yi ranar za a cinye, sai fa in akwai firiji.

Amma wanda nake so ki fi ba wa ƙarfi shi ne royal aisin, na farin ƙwai. Da shi aka lulluɓe kek ɗin auren Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1840, kuma lokacin da muka taso da shi ake yi wa kek ɗin biki ado kafin fondan ya zama yayi. Babu mai a cikinsa, saboda haka babu abin da zai narke. Farin ƙwai ɗaya, aisin-suga na kanti giram 200 zuwa 250, da 'yan ɗigon lemon tsami. Ƙwai ɗaya tak zai zane miki kek guda har ya yi saura. Shi ne ya dace da zanen lalle, domin zarensa siriri ne kuma yana bushewa a inda aka ajiye shi.

Yana da ƙa'idoji da ba ya yafewa. Kwanon da cokalin su kasance babu maiƙo ko kaɗan, kuma ko ɗigon gwaiduwa kada ya faɗa; ni nakan goge kwanon da ɓarin lemon tsami kafin in fara. Ki buga har in kin ɗaga cokali ya bar tsini a tsaye. Ki rufe kwanon da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta duk lokacin da ba ɗiba kike ba, in ba haka ba da hunturu kafin ki juya ya yi ɓawo, ɓawon kuma shi ke toshe bakin leda. In za ki shafe kek gaba ɗaya da shi, ki sa ƙaramin cokali na giliserin na abinci a cikin rabin kilo na aisin-suga, don kada ya bushe ya gagari wuƙa. Sannan ba ya shiri da bota-kirim na tsawon lokaci, man yana ratsa shi ya yi laushi. Dabarar ita ce ki zana furanninki da haruffanki a kan leda ko takardar gashi tun jiya, su bushe, ki ɓamɓaro su a hankali ki ajiye a gwangwani mai murfi, ki jera su a kan kek ɗin dab da za a fito da shi. A busasshen wuri suna yin makonni. Wannan yana nufin duk gwajin da ya yi kyau ba asara ba ne, ajiya ce.

Gargaɗi ɗaya: ɗanyen ƙwai yana iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela. Ki zaɓi sabon ƙwai marar tsaga, kuma in kek ɗin na ƙananan yara ne, ko mai juna biyu, ko tsoho, ki nemi garin farin ƙwai da ake sayarwa a shagon kayan kek, ko ki yi adon da wani abu daban.

Fondan kuwa ki ɗaga masa ƙafa tukuna. Yana cin suga da yawa, yana buƙatar jelatin da gulukos da giliserin da garin CMC mai sa shi danƙo, da damina yana gumi, da hunturu yana tsagewa, kuma a ƙarshe yawancin mutanenmu ɓare shi suke yi su ajiye a gefen faranti. Kirim ɗin gari da ake bugawa da ruwan ƙanƙara ma sai mai tsayayyen firiji.

Kek ɗin da za a yi wa adon

Ba sai da obin ba. Babbar tukunya mai murfin da ke rufuwa ruf, wankakken yashi busasshe kaurin yatsu uku a ƙasa, ƙananan duwatsu uku ko wani ƙarfe da zai ɗaga kwanon kada ya zauna a kan yashin. Ki rufe ki bar ta ta yi zafi minti 10 zuwa 15 kafin ki sa kek. Obin ana sa shi a 170 zuwa 180, a tukunya kuwa wuta kaɗan ce take ba da kwatankwacin haka. A kurfoti ki rage gawayin ƙasa, ki ɗora 'yan garwashi a kan murfi don saman ya gasu. Kada ki buɗe kafin minti 25. Ki soka tsinke a tsakiya, in ya fito a bushe ya yi.

Haɗin da ba ya ba da kunya shi ne na daidai-wa-daida: ki auna ƙwai, duk nauyin da suka ba ki, ki auna majarin da suga da fulawa kowanne haka. Ƙwai 4 suna kai wajen giram 200, sai ƙaramin cokali biyu na bekin-foda. Wannan kek yana da jiki, yana ɗaukar ado bai lotsa ba.

Ki sayi ƙaramin kwano. Mai faɗin inci 6 yana cin kusan rabin kwaɓin mai inci 8, amma duk abin da za ki koya a babba za ki koya a kansa, kuma a hoto tsayi ne yake burgewa ba faɗi ba. Na alminiyon da maƙeran kasuwa suke yi ya wadatar. Na san ana gasawa a gwangwanin madara da na tumatir, amma gwangwanayen yanzu da yawa akwai wani shafe a cikinsu da ba don wuta aka yi shi ba. Ki bar su a wurin gwajin zane.

Kek mai ɗumi ba a yi masa ado, ko yaya kike sauri. Ki gasa da yamma, ya huce, ki naɗe a leda, ki yi ado da asuba. In ya yi tozo a sama ki yanke da wuƙar burodi, ko ki zagaya shi da zaren ɗinki ki ja bakin biyu su gitta. Abin da kika yanke kada ki ba yara tukuna: ki marmashe shi ki manna a gefen kek ɗin, ya rufe duk inda shafenki bai yi sumul ba. Shafe kuma sau biyu ne. Na farko siriri, aikinsa kama ɓurɓushi. Ki bar shi ya ɗan tsaya, sannan ki yi na biyu. Kuma ki tuna da kiyashi. Tire da ruwa a ciki, kwano a kife a tsakiya, kek a kan kwanon, shi ke nan kin raba gari da su.

Abin da ya cancanci kuɗinki

Ba zan sa miki farashi ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kayan fulawa ba su zauna wuri ɗaya ba. Tsarin saye zan ba ki. Farko ƙaramin sikeli na batir. Mutane suna mamaki in na ce shi ne gaba da komai, amma kek ɗin da ya lalace saboda awon ido asarar ƙwai ce da gawayi da yini guda, kuma sau biyu in ya faru ya kai kuɗin sikelin. Daga shi sai kwanon gashi, sai wuƙar shafe mai lanƙwasa. Sai bakin ƙarfe na sa wa ledar matsa aisin, guda biyu ko uku: babban tauraro da ake kira 1M, wanda shi kaɗai yana yin fure da jeren gefe da murɗe, da na ganye mai lamba 352, in kuɗi ya ragu ki ƙara 104 na fure. Zagayayyen baki ba sai kin saya ba, yanka bakin leda ya ba ki shi. Akwatin nan mai baki hamsin da ake tallatawa a Instagram, yawancinsu tsatsa za su yi a ajiye.

Sauran duk akwai madadinsu a gida. Sabuwar rula ta roba da aka wanke tana gyara gefe. Kwali mai kauri da aka naɗe da takardar alminiyon shi ne faifan ɗora kek. Abin juyawa kuwa, ki kife kwano mai santsin gindi ki ɗora tire a kai ki riƙa juyawa da hagu. Bai kai na saye ba, amma zai kai ki watanni. Miksa ta jira. Kwaɓin ƙwai huɗu bai fi ƙarfin muciya ba.

Fulawa da suga da majarin na awo duk akwai su a babbar kasuwa. Ki shinshina majarin kafin a ƙulla miki, wadda ta daɗe a buɗe tana ɗan ɗaci. Ƙananan kayan da ba a cika samu a nan ba akan yi odarsu daga Sakkwato ko Kano a sako a mota, kuma sau da yawa kuɗin motar ya fi na kayan. Ki nemi 'yan ajinku biyu ko uku masu irin sha'awarki ku haɗa oda ɗaya, ku raba kwalaben kala a ƙananan robobi. In kuma wata ta ce ki biya kuɗin koyo, ki tambaye ta tun farko: ɗalibai nawa ne, kuma kowa zai riƙe leda da hannunsa ko kallo za a yi? In kallo ne, wayarki ta ishe ki.

Kala, da abin da ke cikin kwalba

Ja da rawaya da shuɗi sun isa, sauran duk daga cikinsu ake haɗawa. Mai kauri irin na jel ya fi, domin ba ya tsinka aisin, kuma da bakin tsinke ake ɗiba. Majarin tana da rawaya a jikinta, shi ya sa shuɗi yake komawa kore-kore a kanta. Ɗigon shunayya da bai kai kan allura ba yana kashe rawayar. Ja da baƙi suna ƙara duhu in sun kwana, don haka kada ki yi ta zubawa har aisin ya yi ɗaci. In baƙi kike so ki fara da garin koko.

Daga kicin ma ana samu. Ruwan zoɓo da aka dafa ya ƙone ya yi kauri yana ba da hoda mai ɗan tsami mai daɗi, kurkum kaɗan yana ba da rawaya. Soyayyar gyaɗa da aka ɓarza, riɗi, yankakken dabino, kwakwa da aka goge aka ɗan gasa, duk ado ne da ba ya narkewa a rana. Mafi arahar ado da na sani shi ne a ɗora sabon ƙyallen leshi mai huda a kan kek ɗin koko, a barbaɗa garin suga da rariya, a ɗaga a hankali. Zanen leshin zai fito fes. Sai dai a yi shi dab da ci, don danshin kek ɗin yana shanye sugan.

Kalar rini da ake sayarwa a ƙulle ba ta shiga abinci, duk kyanta. Ki duba lambar NAFDAC a jikin kwalba. Ƙyalƙyalin zinari ma iri biyu ne, akwai na ci akwai na ado kawai, ki karanta kafin ki saya. Sannan abin da masu bidiyo ba za su gaya miki ba, don ba damuwarsu ba ce: jelatin da yawa daga fatar alade ake yin sa, haka ma alewar mashmalo da wasu suke narkarwa su yi fondan, sai ki nemi wanda aka rubuta na shanu ne ko mai tambarin halal. Ruwan banila na asali ana jiƙa shi ne a barasa, ki nemi na gari ko wanda aka rubuta babu ita. In kin ga suna dama garin zinari da wani farin ruwa, yawanci giya ce. Ruwan lemon tsami yana yi, sai dai ya fi jinkirin bushewa.

Inda dabara ta tsaya

Akwai abin da waɗannan dabaru ba za su ba ki ba. Gefen nan mai kaifi, da kek mai hawa uku da zai yini a rumfar biki a watan Afrilu, suna buƙatar firiji mai wuta da ɗaki mai sanyi da kayan tokara. Tukunyar yashi ma kowace da halinta, ni daga nan ba zan iya gaya miki minti nawa taki za ta ɗauka ba. Ki riƙa rubuta lokaci da yawan gawayi a littafi har ki gane ta. In za ki kai wa wani kek, ki ɗan shafa aisin a kan faifan kafin ki ɗora shi don ya manne, ki fita da safe, kuma ki hau Keke ki riƙe kwalin a daidaice. Kabu-kabu da kek ba sa haɗa hanya.

Saura maganar dangi, wadda ita ce ke cinye kuɗin masu yin abin don sha'awa. Ranar da kek ɗinki ya fara kyau, za a fara: sunan ɗiyar yaya, saukar ƙane, kamun ƙawa. Kowa zai ce ai ke kina jin daɗin yi. Ki sa ƙa'ida tun yanzu, kuma ki sa Mama ta sanar da ita don ta fi bakinki nauyi: mai so ya kawo fulawa da ƙwai da suga da bota da gawayi, ke ki ba da hannu. Ki rubuta musu adadin a takarda, ki ƙara ƙwai ɗaya da rabin kilo na aisin-suga a kai. Da wannan ƙarin za ki zana furannin da za ki ajiye a gwangwani.